Ciniki a Tsakiyar Kogi

Duk Bahaushen da ya taɓa shiga kasuwa ya san cewa ciniki yana da inda yake tuƙewa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja, a sassauta, har a kai ga "na sallama". Da zarar wannan kalma ta fita, to magana ta mutu, wanda kuwa ya sake tayar da ita bayan ya karɓi kuɗi ya soke a aljihu, ko yaran da suke tallar gyaɗa sun san sunan da ya dace da shi. To, mu a wannan ɗan rubutu muna so ne mu yi magana a kan wasu mutane da suka gano wani wuri inda ciniki ba ya mutuwa, wato tsakiyar kogi, inda mai saye ba shi da ƙasar da zai taka ya ce ya fasa.

Bari mu fara da abin da ya same mu, domin kada a ce labarin ƙanzon kurege muke yi. Mun taso daga Gwagwalada, ɗalibai goma sha takwas da malamai biyu, muka bi ta Kwantagora muka sauka ƙasar Yawuri da niyyar tattara waƙoƙi da tatsuniyoyin masunta a tsibiran kogin Kwara, wanda littattafan makaranta suke kira Neja. Mutanen wurin gungu suke ce wa tsibiri, daga nan ne ma aka sami sunan Gungawa. Da safe muka isa wani mashigi, muka sami mai jirgi, aka yi ciniki a gaban jama'a: shatar jirgi zuwa da dawowa, naira dubu arba'in, mu kaɗai, kuma zai komo ya kwashe mu da la'asar. Ya nuna mana rigunan ruwa guda shida rataye a jikin rumfa, ya ce saura suna cikin jirgi. Ya nemi a ba shi kuɗin duka domin ya sha mai. Muka ƙirga muka ba shi.

Ba mu gama zama ba sai ga 'yan kamasho suna turo mutane. Mata da ƙullin kaya, buhunan gero, awaki uku, sannan aka ɗora babura biyu a gicciye. Ɗaya daga cikin malamanmu ya ce, "Malam, ba haka muka yi da kai ba." Mai jirgi ya yi murmushi ya ce, "Haba ranka ya daɗe, ai 'yan'uwa ne, hanya ɗaya ce, ka so a bar su a rana?" Wa zai buɗe baki ya ce a sauke tsohuwa? Muka yi shiru, alhali muna kallo ana karɓar kuɗin fito a hannun kowace ɗaya daga cikinsu, a jirgin da muka riga muka biya kuɗinsa baki ɗaya. Sa'ad da aka tura jirgin, abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Rigunan nan shida kuwa suna nan a rataye inda muka gan su, suna jiran baƙi na gaba. A cikin jirgin ko ɗaya babu.

Mun kai inda gaɓar da muka baro ta zama zare, wadda muka nufa kuma ba ta fito sosai ba, sai injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Mai ya ƙare, in ji matuƙi. Akwai jarka a ƙarƙashin benci, amma ai ba tasa ba ce, saƙon wani ne, ba zai ci amana ba sai dai idan za a saya. Jirgi ya fara juyawa a hankali yana bin ruwa, wani yaro yana kwarfar da ruwan da yake tsattsafowa ta tsakanin katakai da yankakken galan, wasu daga cikin 'yan matanmu da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na kogin Usuma ba suka fara salati. Aka yi karo-karo aka haɗa dubu goma sha biyar. Da aka miƙa, ko jarkar bai buɗe ba. Ya ja igiya sau ɗaya, injin ya tashi.

Aikin da ya kai mu ya yi kyau, mutanen gungun sun karɓe mu da mutunci irin wanda ya sa muka ji kunyar abin da ɗan'uwansu ya yi mana. La'asar ta yi, ba jirgi. Rana ta yi ja, ba jirgi. Sai bayan an sallame sallar magariba ya ɓullo, ya ce tafiyar dare tana da kuɗinta daban, in kuwa ba mu yarda ba gobe ma rana ce. Haka muka ƙetare kogin Kwara cikin duhu, wani yaro a goshin jirgi yana haska ruwa da fitilar wayar hannu yana neman kututture.

A wannan dawowa ne wata dattijuwa da take kusa da mu ta ga muna ta huci, ta ce, "'Ya'yana, ku yau kaɗai kuka gani. Mu kowace ranar kasuwa ce." Muka ce, "Inna, to me ya hana ku ƙi shiga?" Ta dube mu yadda ake duban wanda bai san ciwon kansa ba, ta ce, "In ƙi shiga in bi ta ina?"

A mota muna dawowa abin ya zama abin dariya, har wasu suna kwaikwayon tarin injin. Kuɗi ne suka tafi, kuɗi kuwa ana samun wasu. Sai daga baya, da muka zauna muka lissafa abubuwan da mutumin nan ya yi mana, dariyar ta ɗauke. Ya yi lodin da ya wuce kima, ya hana rigar ruwa, ya yi tuƙin dare. Waɗannan abubuwa uku su ne hukumomi suke ambata kusan duk ranar da aka jera gawawwaki a bakin kogi. Ashe bambancin da yake tsakaninmu da waɗanda ake karanto adadinsu a rediyo shi ne mu iska ba ta taso ba, kuma yaron nan ya hango kututturen da wuri.

A ranar 26 ga Mayu 2021, a wannan ruwa da muka ƙetare, kusa da garin Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kabi, wani jirgin katako ya dare gida biyu ya nutse. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa sun ce mutum kimanin 180 ne a cikinsa, wani jami'in yankin kuma ya ce bai kamata ya ɗauki fiye da 80 ba. Ban da mutane akwai babura da buhuna. Waɗanda aka tsamo da rai a ranar ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Mai karatu ya tsaya ya yi wannan lissafi da kansa: mutum ɗari aka ƙara a kan abin da jirgin zai iya, kuma kowane ɗaya daga cikin ɗarin nan sai da aka miƙa hannu aka karɓi kuɗinsa. An sayar masa da wurin da babu shi. Su kuma tamanin na farko, waɗanda suka biya kuɗin wuri na gaskiya, an ƙwace musu abin da suka saya aka sake sayarwa a kan idonsu.

Wata shida bayan wannan, ranar 30 ga Nuwamba 2021, sai ga na Bagwai a Jihar Kano, wanda har yau idan aka tuna shi a ƙasar Hausa sai jiki ya yi sanyi. Jirgi ne ya taso daga ƙauyen Badau zai ƙetare madatsar ruwa ta Watari, cike da ɗaliban Islamiyya da za su je taron Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ne waɗanda ba su wuce shekara takwas zuwa goma sha biyar ba. Kakakin hukumar kashe gobara ta jihar ya bayyana cewa jirgin na manya goma sha biyu ne, amma aka ɗura masa ninkin-ba-ninkin haka. Idan za a ce babba shi ya ga lodi ya shiga da ƙafarsa, to yarinya 'yar shekara takwas da aka yi wa kitso da lalle aka ce ta shiga ta zauna, ita me ta sani game da abin da katako zai iya ɗauka? Akwai mutum ɗaya a wurin da ya sani, shi ne kuma ya ce a ƙaro.

Daga nan lissafin ya yi ta tsawo. A watan Yuni 2023 'yan biki da suke komowa yankin Fategi na Jihar Kwara cikin tsakar dare suka nutse, fiye da mutum ɗari. Ranar 1 ga Oktoba 2024, ranar da ake bikin 'yancin kai a Abuja, jirgi mai ɗauke da mutum kusan 300, yawancinsu mata da yara mahalarta Mauludi, ya kife da dare a Gbajibo ta wajen Mokwa, aka ceto kimanin rabi. A Agusta 2025 masu zuwa kasuwar Goronyo ne a Jihar Sakkwato, a Satumba kuma masu zuwa ta'aziyya ne a ƙasar Bargu, jirginsu ya daki kututture a tafkin Kainji. Masu zuwa kasuwa, masu zuwa biki, masu zuwa Mauludi, masu zuwa gaisuwar mutuwa. Babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya a cikinsu.

Abin da muke cewa shi ne a kira wannan abu da sunansa. Mutumin da ya buga gindin mudu ya lotsa domin ya rage wa mai saye tafin gero guda, mun ce ya tauye mudu, malamai sun yi wa'azi a kansa, sarkin kasuwa yana iya korarsa. Matar da ta tsarma nono da ruwa mun ce ta yi algus. To, mai fito me yake sayarwa? Abin da yake sayarwa shi ne isa wancan ƙetare lafiya. Duk mutum ɗaya da ya ƙara bayan jirgi ya cika, daga cikin wannan lafiya ya yanko ya sayar. Wannan tauye mudu ne, sai dai mudun a nan da rai ake cika shi. Abin mamaki, mai lotsa mudu muna ƙyamarsa, mai obalodi kuwa muna ce masa mai neman halali wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Tun da yake mu almajiran harshe ne, ya kamata mu lura da yadda harshen namu yake taya mu ɓoye ɓarna. Saurari labaran rediyo: "jirgi ya kife", "kwalekwale ya nutse", "hatsari ya rutsa da". A duk waɗannan jimloli, jirgi ne ko hatsari yake zaune a gurbin aikau, sai ka ce katakon ne ya wayi gari ya yanke shawara. Alhali kuwa duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawu ya bi rukunan aikatau na Parsons ya san cewa kusa da "kife" akwai "kifar da", kusa da "nutse" akwai "nutsar da", kuma waɗannan ba sa tsayuwa sai an faɗi wanda ya yi. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin gaskiya ba. Mu ne muka zaɓi sigar da ba ta kama sunan kowa.

Mun san abin da za a ce mana: ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Babu mai musun wannan, kuma ba mu zo domin mu hana wanda aka yi wa rashi abin da zai rarrashi zuciyarsa da shi ba. Amma wannan magana ta uwar da ta rasa 'ya ce. Idan ta fito daga bakin wanda ya yi lodin, ko daga bakin wanda aka ɗauka aiki domin ya hana lodin, to ta tashi daga tawakkali ta koma mafakar mai laifi. Ai ɓarawon da aka kama da akuya bai taɓa kuɓuta a gaban alƙali domin ya ce an ƙaddara wa mai akuya asara ba. Kuma magabata ba su bar wannan sana'a haka sakaka ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda aka fi shekara dubu da rubutawa kuma har gobe ana karanta shi a zaurukan ƙasar nan, ya kawo hukuncin mai jirgin ruwa a babin ciniki da haya. Ya ɗauke masa lamunin abin da ruwa ya ci, malamai kuma suka bayyana cewa wannan sassauci na wanda bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba ne. Sannan ya ce ba shi da kuɗin haya sai ya isar. A duba hikimar da take cikin wannan: muddin kuɗin mai jirgi suna wancan ƙetare, to shi da fasinja buƙatarsu ɗaya ce. Ranar da aka juya al'amarin, aka ce biya kafin ka taka, ranar ce aka raba su. Mu da muka karanta wannan babi muka ci jarrabawa a kansa, mu ne muka ƙirga dubu arba'in muka miƙa tun muna kan tudu.

Za a kuma ce mai jirgi talaka ne, kuma gaskiya ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Injin yana lalacewa, katako ya yi tsada, ƙungiya tana karɓar nata, fasinja kuma ba ya son ƙari. Duk mun yarda. Amma tsadar mai hujja ce ta ƙara kuɗi a bakin gaɓa, a fili, inda mutum zai iya cewa ya yarda ko ya fasa. Da mutumin nan ya ce mana dubu sittin tun da safe, da mun yi ƙorafi mun biya, mun rabu muna yi wa juna addu'a. Kashe inji a tsakiyar ruwa kuwa ba shi da wata alaƙa da farashin fetur. Wanda ya tare hanya da makami da wanda ya tare ta da zurfin kogi, tsoro ɗaya suke sayarwa. Kuma muna faɗin haka ne saboda masu fito na kirki, waɗanda suka gaji sana'ar, suke ƙirga mutane su ce ya isa. Su ne suka fi kowa cutuwa, domin jirginsu yana tashi da rabin kuɗin da na maƙwabcinsu yake tashi da shi, a kan mai iri ɗaya.

Fasinja ma yana da nasa kason. Akwai wanda za a miƙa wa riga ya ce zafi, ko ya ce ai shi ɗan ruwa ne, akwai mai yi wa matuƙi magiya da Allah da Annabi a ɗauke shi bayan an ce an cika. Sai dai kafin mu ɗaga murya a kansa mu tuna da tambayar tsohuwar nan. Inda babu gada, babu hanya, jirgi ɗaya ne kuma kasuwa sau ɗaya take ci a mako, kalmar "zaɓi" ba ta da ma'ana.

Wannan ne ya dawo da mu Abuja. Duk wanda ya je tafkin Jabi da yammacin Asabar zai ga 'ya'yan masu hali cikin jiragen shaƙatawa, kowa sanye da rigarsa mai ruwan lemo, ana zagaya ruwan da ba a nufi ko'ina da shi ba. Ba mu yi musu hassada ba, haka ya kamata. Tambayarmu ita ce me ya sa wanda ya shiga ruwa domin nishaɗi ransa yake da riga, wanda ya shiga domin ya sayar da kwanon gero nasa ba shi da ita? Ba a rasa hukuma ba. Tun 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ita ce kuma take faɗa da bakinta cewa ƙasar nan tana da hanyoyin ruwa fiye da kilomita 10,000. A 2023 aka ƙirƙiro sabuwar ma'aikata sukutum domin harkokin ruwa da teku a nan Abuja. A Janairu 2024, bayan doguwar shari'a da Jihar Ikko, Kotun Ƙoli ta yanke cewa iko da waɗannan hanyoyi, har da ba da lasisi da karɓar haraji, na Gwamnatin Tarayya ne. Madalla. Wanda ya je har Kotun Ƙoli domin a tabbatar masa da cewa kogi nasa ne, ba zai dawo ya ce gawar da kogin ya turo ba ta shafe shi ba. Ba a rasa doka ba kuma: ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun hana lodin wuce kima, sun hana tafiyar dare, sun wajabta riga. Na Gbajibo ya faru ne da dare, da lodin wuce kima, bayan an rubuta su.

A 2025 ma'aikatar ta fara rabon rigunan ruwa 42,000 ga jihohi 12, aka buɗe da Minna, kowace jiha 3,500. Ba mu rena ba, gara haka da babu. Amma 3,500 ba su isa a tufatar da jirgi goma sha biyu irin na Gbajibo ba, kuma mu da idonmu mun ga abin da riga take zama idan babu mai tsayawa a kanta: ado a jikin rumfa.

Akwai kuma bashin da ya girmi duk waɗannan hukumomi. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohon garin Busa da tsibirin Foge da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000. Itatuwan da ruwan ya rufe suna nan a tsaye a ƙarƙashinsa, su ne kututturan da suke farke cikin jirage har yau. Wutar da aka samu daga wannan ruwa tana cikin wadda muke kunnawa a Garki da Wuse. Jikokin waɗanda aka tasa kuwa suna neman hanya a kansa da fitilar waya.

Kada wani ya ɗauka maganin yana buƙatar biliyoyi. Ingila ma ta yi irin wannan zamani. A ƙarni na 19 masu jiragen ruwa a can suna cika ruɓaɓɓun jirage da kaya, su yi musu inshora mai tsoka, su tura su teku da ma'aikata, in sun isa riba, in sun nutse riba. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya ɗaura yaƙi da su, har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya zazzage su da baƙaƙen maganganu aka nemi ya ba da haƙuri. A 1876 aka yi dokar da ta tilasta a ja layi a jikin kowane jirgi, idan ruwa ya haura layin nan lodi ya haramta. Da farko masu jirage aka bar wa zaɓin inda za su ja shi, kowa kuwa ya san inda mai kwaɗayi zai ja, sai a 1890 hukuma ta karɓi wannan aiki. Har yau layin yana jikin manyan jiragen duniya da sunan mutumin. Layin fenti ne kawai. Amfaninsa shi ne yana fitar da sirrin lodi daga cikin kan matuƙi ya ajiye shi a inda kowa zai gani, har wadda ba ta yi boko ba, har yaro. Me zai hana kowane jirgin haya daga Lolo zuwa Lakwaja ya sami irin wannan layi, da adadin mutanen da zai ɗauka rubuce ɓaro-ɓaro a goshinsa da boko da ajami, da kuɗin fito a allo a bakin mashigi?

Layi kuma yana buƙatar mai duba shi, ba kuwa lallai sai an aiko shi daga Abuja da kakin sarki ba. Garuruwan bakin ruwa suna da Sarkin Ruwa, wasu suna da Sarkin Jirgi, mutanen da suka san kowane jirgi da mai shi da uban mai shi. Yau a mashigai da yawa an bar su da rawani da fitowa ranar wasan ruwa, iko na gaskiya ya koma hannun ɗan kamasho, wanda abincinsa yake ƙaruwa da kowane kai da ya cusa. Ba a taɓa ba kura ajiyar nama an sami nama ba. A ba wa wanda zai ƙirga albashin da bai dogara da yawan kawuna ba, a rubuta sunansa a takardar kowane tashi, ya san cewa idan aka sami mutum 180 a inda ya sa hannu a kan 80, shi da mai jirgi za su tsaya gaban alƙali ko da kowa ya isa lafiya. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce muhimmiya, domin mu a nan sai an mutu ake tambaya.

Ko an mutun ma, ina tambayar take kaiwa? A ranar 26 ga Satumba 2002 jirgin Joola na gwamnatin Senegal, wanda aka ƙera domin mutum ƙasa da 600, ya kife a gaɓar Gambiya a hanyarsa ta zuwa Dakar, mutum 1,863 suka halaka bisa ƙidayar hukuma, fiye da waɗanda suka mutu a Titanic. Iyalan mamatan ba su gamsu da yadda aka rufe shari'ar ba, domin an jibga laifin ne a kan matuƙin da ya riga ya mutu. Duk da haka ministan sufuri da na sojoji sun ajiye aiki, ba a jima ba aka sauke firayim minista. Mu namu tsarin ya fi sauƙi: saƙon ta'aziyya, ziyarar jaje da jerin motoci, buhunan shinkafa, kwamiti, sai kuma ihu bayan hari na gaba. Duk mai karatun da ya san sunan babban jami'i ɗaya da ya bar kujerarsa saboda Wara ko Gbajibo, muna roƙonsa ya aiko wa wannan mujalla, za mu nemi a buga a fitowa ta gaba.

Aikinmu a gungun bai ƙare ba, akwai wani tsoho da ya yi mana alkawarin waƙoƙin da bai samu ya rera ba a wancan zuwa, saboda haka za mu koma. Mun riga mun yi shawara a tsakaninmu: kowa zai tafi da rigarsa, za mu ƙirga kawuna da babbar murya kafin a kwance igiya, kuma rabin kuɗi sai mun dawo mun taka tudu. Idan mai jirgi ya ƙi, mu nemi wani, idan duk suka ƙi mu shiga motarmu mu komo Gwagwalada, mu rubuta wa shugaban sashe bayani. Mu muna da motar da za mu shiga. Dattijuwar nan kuwa, ranar kasuwa mai zuwa da sassafe tana bakin ruwa da ƙullin kayanta, kuɗin fito a ƙulle a haɓar zane.